Wadda Ta Ɗauki Wayar a Shagon Anti

Greensboro, Laraba, Agusta 2007

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummina.

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake tsakanina da ke yanzu bango ɗaya ne kawai, har ina jin ƙarar salatif ɗin da kike liƙe kwalayenki da shi. Allah Ya kai ku Ohio lafiya ranar Asabar, ke da Babanki, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ki shiga jami'ar nan da ƙafar dama.

Da Hausa na rubuta, da gangan. Na san karatun Hausa yana yi miki nauyi, sai kin bi layi da yatsa kina motsa baki. Haka nake so. Idan da Turanci ne za ki share shafi huɗu a minti biyu, ki ninke, ki ce kin gane.

Abu ɗaya nake nema a wurinki kafin Asabar. Ki je shagon kitson Anti Hadiza ki yi mata sallama. Yau wata goma sha huɗu da sati biyu ke nan rabonki da yi mata magana, na ƙirga a kalanda, matar da ta riƙe ki kullum bayan makaranta tun kina shekara bakwai, lokacin da ni ina wurin aiki. A watan Oktoba za ta koma Damagaram gaba ɗaya, ta riga ta sami wadda za ta karɓi shagon. Ke kuma ba za ki dawo hutu ba sai Disamba. Idan ba ki je Juma'ar nan ba, ban san ranar da za ku sake haɗuwa ba, ko ma za ku haɗu. Akwai abin da ba ki sani ba game da faɗan nan naku. Zan faɗa miki a cikin takardar nan, amma ki bar ni in bi ta hanyar da zan iya. Tun safe sau uku ina tashi daga teburin nan ina goge murhun da na riga na goge.

Kin tuna dariyar da kika yi mini bara da na ce na shiga ajin Latin. Kika ce, "Mama, wa za ki yi hira da shi, matattu?" Ban zaɓe shi don sha'awa ba. Darasi ɗaya ya rage mini a cikin waɗanda ake zaɓa kafin in cika digirina na gwaje-gwajen asibiti, kuma shi kaɗai ne ake yi ƙarfe takwas na safe, Talata da Alhamis, in gama in wuce aiki. Na kuma yi tunanin zai taimake ni da sunayen cututtuka. Ya taimaka kaɗan. Na gama a watan Mayu, kin ga hular, kin ɗauke ni hoto. Yanzu yawancin abin da na haddace ya gudu, amma kalma ɗaya ta ƙi tafiya.

Kalmar ita ce confundere. Na duba littafina yanzu don kada in rubuta miki kuskure. Gaɓa biyu ce aka haɗa: con, wato tare, da fundere, wato zubawa. Asalin ma'anarta ke nan, a zuba abu biyu wuri ɗaya. Rumawa suna faɗinta ga ruwa biyu da aka haɗa a mazubi guda. Suna faɗinta ga sahun sojoji idan ya cakuɗe, kowa ya rasa inda ya kamata ya tsaya. Suna faɗinta ga wanda ya gwamutsa gaskiya da ƙarya, da kuma hankalin mutum idan an rikita shi. Daga ita Faransancin Anti ya samo tasa kalmar, daga ita kuma aka samo wadda kike jefa mini idan na yi miki bayani iri biyu, "Mama, kina konfiyuzin ɗina."

Malamarmu wata dattijuwar Baturiya ce mai son nuna abu da hannu. Ranar da muka zo kan kalmar ta shigo da kofi biyu, ɗaya ruwa, ɗaya madara. Ta juye su a kwano ɗaya, ta miƙa wa wata ɗaliba a sahun gaba, ta ce ta mayar mata da ruwanta. Ajin ya fashe da dariya. Ni ban yi ba. Wata huɗu ke nan a lokacin da rasuwar Hajiya, kakarki, kuma na san sarai abin da na zuba, da kwanon da na zuba shi. Na fita ajin na zauna a mota har na makara aiki da minti ashirin.

Ba ranar na fara wannan hali ba, shi ya sa zan koma baya.

A shekararmu ta biyu a ƙasar nan ina kula da wata tsohuwa a unguwar Irving Park, a wani ƙaton gida da ita kaɗai a ciki. Ina dafa mata abinci, in yi mata wanka, in ba ta magani. Wata rana ina gyara kantar banɗaki na ga kwalba biyu na ƙananan ƙwayoyi farare, kowacce saura kaɗan. Na ɗauka tsohuwar kwalba ce da sabuwa na magani ɗaya. Ban karanta takardar jiki ba, don a lokacin ina jin kunyar yadda nake daɗewa kan rubutun Turanci. Na juye su a ɗaya, na jefar da ɗayar, na ji daɗi kanta ta yi fes. Washegari da zan ba ta, na zuba a tafin hannu, sai na ga wasu suna da tsaga a tsakiya, wasu ba su da ita. Ɗaya na hawan jini ne, ɗayan na wani ciwon daban. Na zauna a ƙasa da cokali ina ware su. Da na gama na ga ban yarda da warewar tawa ba. Na kira 'yarta a wurin aikinta na ce ga abin da na yi. Ta zo ta kwashe duka ta kai kantin magani. Tsohuwar ba ta sha ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Ƙarshen satin aka sallame ni, cikin ladabi, da murmushi irin nasu.

Don haka, Ummi, duk abin da ba ki karanta jikinsa ba kada ki haɗa shi da wani, ko da sun yi kama kamar tagwaye. Maganin ciwon kanki da na abokiyar ɗakinki kowa nasa daban. Idan kuma kin yi ɓarna, ki faɗa a ranar, tun ana iya gyarawa. Na rasa aikin, amma ban taɓa yin nadamar wayar nan ba. Abin da ke damuna yanzu shi ne, na iya faɗa wa baƙuwar Baturiya gaskiya cikin awa ɗaya, ke kuma da na haifa na kasa fiye da shekara.

Kuskure na biyun kin san shi, don har yau mutane ba su daina tsokanata da shi ba. Azumin nan da ya faɗo cikin sanyi, kina aji takwas. Ranar ashirin da tara, wajen ƙarfe uku na rana, Kawunki Sani ya bugo daga Bichi yana murna, an ga wata, gobe Salla. A lokacin sanyi awa shida suke gabanmu, su dare ya yi musu, mu ko La'asar ba mu yi ba. Na ajiye wayarsa na fara buga tawa. Gida tara na kira. Kowanne abu ɗaya na faɗa: "An ga wata, gobe Salla." Ban ce a Najeriya ba. Ban ce wa ya gaya mini ba. Ina ɗoki in zama ta farko da ta kawo albishir.

Kafin Magariba gida taran nan sun zama duk wani mai jin Hausa a East Greensboro. Mata suka cika kanti suna ɗibar kaji, maza suka kira wuraren aikinsu suka ce gobe ba za su zo ba. Anti ta sallami mata huɗu da suka yi alkawarin kitso washegari, ta kwaɓa lalle. Bayan buɗa baki masallaci ya sanar cewa nan ba a ga komai ba, za a cika talatin. Wasu suka ce ai an gani a gida, su Salla za su yi. Wasu suka ce liman suke bi. Akwai gidan da miji ya tashi da azumi, mata ta tashi da kwalliya. Aka yi ta tambaya wa ya fara faɗa, zaren kuma ya dawo kaina.

Da safe na shiga shagon ina sunkuyar da kai. Anti tana zaune ita kaɗai, ƙafa da hannu duk lalle, ba kowa a kujera.

"A'a, ga mai wata ta iso," in ji ta. "Ke Bakanuwa, a jaka kika zo da shi daga Bichi, ko ta gidan waya aka aiko miki?"

"Yaya Hadiza, ki yi haƙuri, wallahi Yaya Sani ne ya ce..."

"Bon, Yaya Sani ya gani a samansa. Ke a wane sama kika gani? Zauna nan. Tunda kin kore mini mutane, yau kanki zan kitsa, kuma sai na ja miki gashi."

Ta ja kuwa. Kwana uku ina kwanciya a gefe ɗaya.

Abin da na koya, ki riƙe shi a inda za ki. Za ki zauna cikin 'yan mata da yawa, magana za ta riƙa bi ta kanki daga wannan ɗaki zuwa wancan. Idan za ki kai labari, ki kai shi da kayansa duka: wa ya faɗa, yaushe, a ina. Rabin da kika bari a baya shi ne yake tayar da hankalin mutane. Ni ban yi ƙarya ba ranar nan, kowace kalma gaskiya ce, amma dubi abin da ta haifar. Da na ɗauki wannan darasi da gaske, da ban rubuta abin da zan rubuta yanzu ba.

Na sake tashi. Na leƙa ɗakinki da sunan in tambaye ki ko kin sa bargon nan mai kauri, kika ce kin sa. Na san kin sa, ni na ninke shi.

To, ga shi.

Kin san al'adarmu game da na nesa. Ba a gaya masa ciwo ya yi tsanani, sai a ce da sauƙi. Ko mutuwa ce, sai a fara cewa jikin ya tashi, a bar shi ya ci abinci, a nemi wani babba ya je ya zauna kusa da shi tukuna. Haka aka yi mini da mahaifina ya rasu, kuma a lokacin na ga tausayi ne. Da wannan na fake. Amma abin da na yi ya wuce al'ada, kada ki ɗora mata.

Ranar Alhamis ce, ƙarshen watan Mayun bara, saura kwana biyar ki fara jarrabawar ƙarshen shekara. Kawu Sani ya bugo wayar gida da rana, kina makaranta. Bai ɓoye mini ba. Ya ce Hajiya ta daina cin abinci, kuma tun jiya take cewa a kira mata takwararta, tana son jin muryarta. Ke ke nan. Kin san yadda kuka shaƙu a wata shidan da ta yi mana a nan, kuna kwana ɗaki ɗaya, tana koya miki damun fura kina koya mata danna rimot. Na ce masa kin tafi wata tafiya da 'yan makarantarku, sai wani sati. Ban shirya faɗin haka ba, bakina ne ya riga ni, amma da ya fita ban janye ba.

Da kika dawo kika tambaye ni jikin Hajiya, na ce da sauƙi sosai, layin ne ba kyau, ki bari sai kin gama jarrabawa ku sha hira. Babanki da ya dawo ya ce a haɗa ki da ita, na ce ai kun riga kun gaisa da rana. Anti kuma na ce mata jikin da sauƙi, kada ta tayar miki da zancen. Mutum huɗu, magana huɗu, a wuni ɗaya. Kowa ya riƙe nasa yana ganin ya san halin da ake ciki, kuma ba wanda zai iya tambayar wani, don kowa ya ɗauka an gama.

Ranar Asabar ina shagon ina taya Anti raba gashin kanti, ke kina ɗakin baya da littattafanki. Wayar shago ta yi ƙara. Anti ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo mini, ta ce, "Ɗan'uwanki ne." Ya buga gida bai same mu ba, shi ne ya nemi lambar shagon da na taɓa ba shi. Ya ce, "Binta, ko akwai lambar da za a samu yarinyar nan a inda suke? Ga Hajiya nan kusa da ni, ta farka, yanzu tana iya magana." Ina jin numfashinta a bayan muryarsa. Tsakanina da ƙofar ɗakin da kike bai fi taku goma ba. Na ce, "Ba ta dawo ba, Yaya, kuma ba waya a wurin." Na ɗago ido, na ga Anti tana kallona ta madubi, tsinken kitso a hannunta. Ta ci gaba da kitsonta, akwai mutane.

Na daɗe ina gaya wa kaina jarrabawarki na kare. Akwai wannan a ciki, ba na musu. Amma na yi alkawarin ba zan rage komai ba a takardar nan. Tsoro nake ji. Na san idan Hajiya ta ji muryarki za ta yi miki wasiyya, ta ce ki yafe mata, ta sa miki albarka, kuma idan ta yi haka to tafiya ce za ta yi. Ni kuma na riga na nemi hutu a watan Yuni zan je in gan ta. A raina gani nake muddin ba ku yi sallama ba, dole ta jira ni. Wannan ba hankali ba ne, na sani. Mace mai shekara arba'in da uku, mai karatun jini da ƙwayoyin cuta, ta tsaya tana wannan lissafi.

Ranar Litinin ta rasu. Saura kin san shi ta ɓangarenki. Na roƙi Anti ta riƙe ki kwana biyu a gidanta, aka ce miki ana gyaran famfo a namu, alhali mutane ne cike da falo suna zaman makoki. Anti ta ce mini, "Maman Ummi, wannan abu ba zai yi kyau ba, yarinyar nan ba jaririya ba ce." Na ce kwana biyu ne kawai. Ranar Laraba kin gama takardar ƙarshe, kin shigo shago da murnarki, wata mata da ke kan kujera ta juyo ta ce miki, "Ummi, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Hajiya." A bakin baƙuwa kika ji, a gaban mutane.

Bayan sati ɗaya kika kira Kawu Sani da kanki ki yi masa gaisuwa. Shi bai san komai ba, ya ce miki Hajiya ta yi ta kiranki, har shagon Anti aka buga aka ce kin yi tafiya. Kika same ni a kicin. Da Hausa kika tambaye ni, abin da ba ki cika yi ba idan ranki ya ɓaci. Kika ce, "Mama, wa ya ce na yi tafiya?"

Na ce, "A shagon Anti aka ɗauki wayar."

Kin ga irin maganar. Ba ƙarya a cikinta ko ɗaya. A shagon aka ɗauka. Ni na karɓa, ni na yi magana, kuma na tsara jimlar yadda za ki ji abin da nake so ki ji. Kika ɗauki makullin mota kika fita, ban tsayar da ke ba. Matan da suke shagon sun ba ni labarin abin da kika faɗa wa Anti da Turanci, da ƙarfi, har da cewa ita ba uwarki ba ce, ba ta da hurumin shiga tsakaninki da kakarki. Sun ce ta ajiye tsinke, ta saurare ki har kika gama, ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata." Shi ke nan. Ta yi mini kara. Ta gwammace ki tsane ta da ki tsani uwarki a satin da kika rasa kakarki. Ni kuma na karɓi wannan kara na zauna a kanta wata goma sha huɗu. Ina zuwa shagon, muna gaisawa, tana tambayata, "Ya ɗiyata, ya lakwal?" wato makaranta, ina cewa lafiya lau. Ranar bikin gama makarantarki ta zo, ta tsaya can baya, ta tafi kafin a fito, don kada ta ɓata miki rana. Atamfar da na ce saƙo ne daga Kano, ita ta saya.

Ban san irin nasihar da mai wannan laifi take da bakin yi ba, amma zan yi, don ni na san farashinsa. Kada ki taɓa gaya wa mutum biyu magana biyu a kan abu ɗaya don ki huta da wuni guda. Kada ki yanke wa wani hukuncin abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Da na gaya miki, wataƙila ki yi kuka ki faɗi takarda ɗaya, a sake miki ita da rani. Abin da na hana ki ba a sake shi. Idan kuma wani ya ba ki amsa gajeriya mai santsi a kan babban abu, ko ni ce, ki sake tambaya. Ki ce, wa ya ɗauka, wa ya yi magana, me ya ce. Da kin yi mini tambaya ɗaya a kan waccan, da na rushe a wurin.

Ga kuma abin da na ɗaure kaina da shi. Na gaya wa Babanki, duk ranar da ciwo ya kwantar da ni ko shi, a ranar za a kira ki, a gaya miki sunan ciwon da abin da likita ya ce, ko kina tsakiyar jarrabawa. Ke ma ina roƙonki, idan na bugo na ce ya kike, kada ki ce lafiya lau alhali ba ki ci abinci ba tun jiya, ko wani darasi yana neman kayar da ke. Na san daga wurina kika koyi lafiya lau ɗin nan. Ki bar mini ita a nan.

Ba da ke na fara faɗin gaskiyar nan ba, don na san idan na bar sauran a baya zan sami hanyar zillewa. Ranar Lahadi na sayi katin waya na kira Kawu Sani na gaya masa ba inda kika je. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Allah Ya yafe mana, Binta. Ta dai sa mata albarka ko da ba ta ji ta ba, ni shaida ne." Ya ce ki kira shi, zai faɗa miki abin da ta ce kalma da kalma, don shi yake wurin. Ban tambaye shi ba, naki ne. Ranar Litinin na gaya wa Babanki. Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce, "Yarinyar fa?" Na ce zan rubuta mata. Ya ce, "To rubuta, tunda bakin ya gaza. Amma kafin Juma'a, ba bayan na sauke ta a Ohio ba." Tun ranar gaisuwa kawai muke yi. Yana da gaskiya.

Jiya na je shagon da hantsi, lokacin da ba kowa. Tana tattara kwalaben man gashi a kwali. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya Hadiza, zan gaya wa Ummi."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Gaya mata me?"

"Wadda ta yi magana a wayar."

"Yanzu? Da yarinya za ta tafi? Ke dai ba ki iya zaɓen rana ba, tun ta wata." Ta ajiye kwalbar. "Ki bar shi mana. Ni tafiya zan yi, in tafi da shi. Ke ce za ki zauna da ita."

Na ce ba zan bari ba. Na fara ba ta haƙuri, kuka ya ci ƙarfina, na durƙusa a wurin. Ta ce in tashi kada wani ya shigo ya ce ta doke ni. Ta miƙo mini tawul ɗin shago. Ita ma ta juya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Can ta ce, "Kina ganin za ta zo?"

Na ce ban sani ba. Kuma gaskiya ce, ban sani ba.

Ta ce, "Dakor, shi ke nan. Juma'a ba zan karɓi kowa ba daga Azahar. In za ta zo, ki ce ta tsefe kanta tun daga gida, ta wanke, ni ba ni da lokacin tsifa. Na ga hoton bikin nan. Ban san wadda take yi mata wannan abin a ka ba, amma ba za ta shiga jami'a da shi ba, mutane su ce ba ta da kowa."

Saƙonta ke nan, na kawo miki shi yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Zan tura takardar nan ta ƙarƙashin ƙofarki idan zan fita aikin yamma, don ki karanta ba tare da ina tsaye a kanki ba. Ranar Juma'a zan bar miki motata, Babanki zai sauke ni. Ba zan bi ki shagon ba, ba kuma zan bugo in ji ko kin je ba. Idan fushin da kika yi da ita ya dawo kaina, wurinsa ya zo, zan ɗauka. Ko ranar Asabar kin shiga mota ba ki kalle ni ba, zan tsaya a bakin ƙofa in yi miki addu'a har ku sha kwana. Ina neman gafararki, Ummi, amma ban sa miki rana ba. Ita ce take da rana, jibi, daga Azahar.

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya haskaka kabarinta, Ya kai mata ladan addu'arki. Allah Ya saka wa Hadiza da abin da ni ba zan iya ba, Ya kai ta gida lafiya. Ke kuma Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki, Ya ba ki ilimi mai amfani da harshe mai faɗin abu yadda yake. Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Binta